Hoton Kan Tela

A gidan yari ba a ɗaukar hoto. Wanda aka yi miki ranar shigowa, kina riƙe da allo mai lamba, shi ke nan, kuma ba naki ba ne. Shi ya sa da wasu likitoci masu bincike suka zo da tirelarsu suka ce duk wadda ta yarda aka leƙa kanta za a ba ta hoton ƙwaƙwalwarta, mata suka yi ta rububi kamar ana rabon sabulu.

Ni ban je ba. Na ce kaina ba kasuwa ba ne. Amma Tela, abokiyar ɗakina, ita ce ta farko a layi.

Tela ta shigo ne saboda mijinta. Ranar da ya karya wa 'yarsu hannu, almakashi na hannunta, sauran kuwa alƙali ya riga ya faɗa. Yarinyar tana wajen gwaggonta, ƙanwar mamacin, wadda ke kawo ta duk wata tana cika tana batsewa. Wannan ziyarar ce kaɗai ke riƙe da Tela. In ranar ta matso ba ta iya cin abinci, in ta wuce kuma ta ishe mu da labarin yadda yarinyar ta ƙara tsawo.

Aka tura ta cikin injin, wani dogon bututu mai ƙarar tsiya. Aka ce kada ta motsa, ba ta motsa ba. Sannan wata likita mai tabarau ta zaunar da ita tana tambaya: kina nadama, kina jin tausayi, kin saba ƙarya? Likitar, tsakani da Allah, ta yi mata bayani. Ta ce ku duka muke haɗawa mu ga yadda sassan ƙwaƙwalwa ke magana da juna, hoton mutum ɗaya ba ya nuna halinsa. Tela ta ce to. Ita dai a ba ta abinta.

Hoton kuwa kamar tsumma aka dunƙule. Amma Tela ta yi masa baki da shuɗin ƙyalle, ɗinkin hannu mai kyau, ta miƙa wa yarinyar.

"Ga Mama. Ki ajiye kusa da gadonki, duk abin da ke ciki ke ce."

Na ce, "Ke Tela, wa ya taɓa ba ɗansa hoton cikin kai?"

Ta ce, "Yaya, shi nake da."

Da binciken ya fito, a rediyon ma'aikata muka ji, muna shara. Mai labarai ya ce an gano cewa matan kurkuku, jijiyoyin da ke haɗa wurin tausayi da wurin tunani a ƙwaƙwalwarsu a kwance suke, ba sa aiki sosai. Bai ce wasu ba, bai ce kaɗan ba. Ya wuce labarin ƙwallo abinsa.

To, Gwaggo ma tana da rediyo. Wata ya zo ya wuce, ba ziyara. Tela ta zube, har riga ta yi mata yawa.

Ranar da suka zo ina tebur na kusa, tare da ƙanena. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa, ta harɗe hannu. Yarinyar ta zauna, ta ce, "Mama, na yafe miki."

Fuskar Tela ta washe.

"Gwaggo ta kai hoton wajen mai kemis, ya nuna mana inda ya tsinke. Ya ce ba laifinki ba ne, haka aka halicce ki, ba kya jin komai."

Mai kemis! Mutumin da ke sayar da maganin tari. Raina ya yi baƙi ƙirin.

Abin da yarinyar ba ta sani ba, ɗakin ziyara yana da dokarsa. Wadda ta yi kuka, an katse ziyararta nan take, wai kuka na tayar da hankalin ɗaki. Duk mun koyi haɗiye shi. Ina kallon maƙogwaron Tela yana hawa yana sauka, ta danne hannunta ƙarƙashin cinya, ido a bushe, tana tsaron 'yan mintinanta.

Yarinyar ta daɗe tana duban fuskarta.

"Gwaggo ta ce ko hawaye ba za ki yi ba. Da ina zuwa ne don ina tsoron kina kewata, ko da ina da jarrabawa. Yanzu hankalina ya kwanta, Mama. Ba sai na riƙa zuwa ba."

Na miƙe na buga tebur. "Ke Tela, yi kuka mana! Don Allah yi kuka!"

Ma'aikaciya ta damƙi hannuna ta ja ni waje, ina zage-zage. Na waiwaya daga ƙofa. Tela na nan zaune ƙam, tana ta ƙoƙarin murmushi don kada a katse mata ziyara, yarinyar kuwa ta riga ta ɗauki jakarta.