Gadon Inna Talatu da Layin Fenti

"Ke Basma, ni dai ki juya min gadon nan. Na gaji da bai wa gabas ƙeya."

Inna Talatu ke nan, maƙwabciyarmu. Katanga ɗaya ta raba mu a Birnin Kudu tun da ta baro Dingaya ta kafa tukunyar daddawarta. Ciwon zuciya ya kwantar da ita a asibitin da nake aiki, ƙafafu a kumbure, numfashi da ƙyar. Likita ya riga ya ja danginta gefe, ita ma ta gane. Burinta ɗaya ya rage: ta cika a ɓarin dama, fuskarta na kallon alƙibla.

A tsarin inganta aiki da aka shigo mana da shi, kowace safiya ma'aikaci zai tsaya gaban majinyaci ya ce, "Me za mu gyara?" Amsar da na samu ke nan. Ni ce kuma sakatariyar kwamitin da ke kula da tsarin, wai don na yi jami'a. Mu muka zagaye kowane gado da fenti ruwan ɗorawa a ƙasa, kowanne da gurbinsa, har baƙi suka yaba. Kan gadon Inna na jikin bangon gabas, sai an gicciye shi ya tsallake layi.

"Inna, sai kwamiti ya zauna."

"Kwamitin ne zai mutu ko ni?"

Na nemi Sista Ummussalma, mai kula da ɗakin. Ta ce, "Ranar da na matsar da kwandon shara na sha magana. Kai musu, ai ku ne masu layi."

Da hantsi muka zauna. An daɗe ana gardama kan launin bokitan goge ƙasa kafin na iya ɗaga hannu. Na faɗi roƙon Inna.

Malam Hambali, shugaban kwamiti, ya washe baki. "Madalla! Abin da muke nema ke nan, ma'aikaci ya kawo shawara da kansa. A tafa mata."

Aka tafa. Wani ya ciro waya yana cewa ai alƙiblar ma ta ɗan karkata arewa. Wata ta ce in an juya ɗaya, gobe kowa zai ce a juya nasa. Malam Hambali ya ce a yi nazari, a ji a zama na gaba.

"Me suka ce?" Inna ta tambaya da na koma.

"Sun tafa min."

"To, adana min tafin, a yi min sadakar uku da shi."

Aka kira azahar. Na ga tana ƙoƙarin murɗa wuya ta hango bangon da ke bayanta, jijiyoyi sun fito, tari ya sarƙe ta. Ban san lokacin da na saki birkin tayar gadon ba.

"Ke, za ki ja mana!" in ji Sista. Amma ta riga ta kama sandar ƙarin ruwa. Raliya mai shara ta jingine tsintsiya ta sa kafaɗa. Gadon ya yi ƙara, ya gicciye, ya cinye rabin hanya. Muka kwantar da ita a ɓarin dama, muka tokare bayanta da matashi.

"Nan ne gabas ɗin?"

"Nan ne, Inna."

"Kin cika nawa. Tun kina ƙarama, in an aiko ki sayen daddawa sai ki tsaya a zaure kina kunyar sallama."

Daga nan ba ta sake yi da ni ba, sai leɓɓanta da ke motsi. Bayan la'asar ta cika. Sista ta shafe mata ido.

Washegari Malam Hambali ya yi min gaisuwa, ya ce shawarata tana nan ba a manta ba. Na ce na gode.

An mayar da gadon gurbinsa, an shimfiɗa sabon zani. Inda tayar ta bi ta kankare fentin, ta bar ɗan lanƙwasa kamar jinjirin wata. Raliya tana goge ƙasa, da ta iso wurin sai ta ɗaga tsumman ta kewaye.