Kwalin Sigarin Baba Tela

Na fizge kwalin sigarin daga hannun Baba Tela, maƙwabcinmu, na yi jifa da shi. Ya bugi bango ya buɗe. Kara uku suka faɗo, sai ga ƙwayoyin magani suna gangarawa ƙarƙashin keken ɗinki.

Ya durƙusa yana tari yana tsince su ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗan boko, ka gama wa'azin?"

Na gane maganin, don ina aikin sa kai a asibitin da masu cutar ƙanjamau ke karɓarsa. Na durƙusa ina taya shi tsinta.

"Shekara tara ban tsallake rana ba," ya ce. "Ƙarfe biyar na yi sai in ce wa 'yan hira zan zaga in busa. Wa ke bin mashayi bayan shago? Wa ke leƙa kwalinsa? In na daina, me zan ce ina fita yi?"

Har yau raina ɓaci yake yi. Shekara tara ana auna jininsa, ana yaba masa cewa cutar ta kwanta, amma ba a samu ma'aikaci ɗaya da ya dubi baƙin leɓensa ya tambaye shi batun taba ba.

Ya yarda zai daina taba. Muka mayar da maganin cikin gwangwanin maɓallai. Muka ce wa 'yan hira likita ya sa shi tattakin yamma, ni ne ɗan rakiya. Sau biyu yana komawa shan taba, sau biyu ina yi masa faɗa.

"Kai da za ka yi aure, da matar ta gudu tun ranar farko," ya ce yana dariya.

A karo na uku ya riƙe. Sai dai huhun ya riga ya gama lalacewa.

Kwanansa ashirin da shida ba taba, na same shi a gadon asibiti, matarsa na ɓare masa lemo. Ya kasa haɗiya. Ya karɓi ɓawon ya kai hanci, ya lumshe ido.

"Ashe haka lemo yake da ƙanshi? Ɗan boko, ina ka shige tun da?"

"Makaranta, Baba."

"To, gobe ka zo mini da wani."

Washegari na zo da guda biyar da hantsi. Na tarar an naɗe katifar, an goge gadon. A bakin taga ɓawon jiya yana nan, ya fara bushewa a rana.