Mai Agogo da Saƙon Asibiti

Ƙarfe sha ɗaya da kwata Auta ta faɗo shagon mahaifinta, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Daga makarantar da take koyarwa ta taho, da sauran farin alli a hannun rigarta.

"Baba, ina wayarka?"

Mai Agogo ya ɗago kai daga tebur. Shekara talatin yana gyaran agogo a wannan shago, amma tun bara yanar ido ta rufe masa na dama, na hagun ma ya soma gani dishi-dishi. Yanzu da laluben yatsa yake gane ƙananan kusoshi. Wata bakwai ke nan yana layin masu jiran aiki a asibitin ido.

"Lafiya dai, uwata?"

"Na kira asibiti. Sun ce tun shekaranjiya suka turo maka ranar aiki ta imel. In ba a danna an amsa ba kafin sha biyun ranar yau, wani za su ba gurbin, kai kuma ka koma ƙarshen layi."

"To ba ki ce musu mun amsa ba?"

"Na ce. Matar ta ce ba a hannunta abin yake ba, na'ura ce ke rufewa da kanta."

Ya miƙa mata wayar. Ita ta buɗe masa adireshin imel ɗin saboda asibiti kawai, sannan ba ta sake leƙawa ba. Ta buɗe akwatin saƙo. Saƙonni dubu huɗu da wani abu: masu maganin ƙiba, masu sayar da fili a bakin teku, masu cewa ya ci mota.

"Baba, wa ka ba adireshin nan?"

Da haɓa ya nuna mata ƙofa. Ta fita ta ɗaga kai. A allon shagon, ƙarƙashin zanen agogo, ga adireshin nan an rangaɗa shi da jan fenti. Ta dawo tana riƙe da baki, ta shiga wajen saƙonnin da aka aika, nan ma ɗaruruwa ne, kuma duk magana ɗaya: Na gode, ba na buƙata, Allah ya ba da kasuwa.

"Amsa musu kake yi?"

"Mutum ya yi maka sallama ka yi shiru? Ba haka aka rene ni ba."

"Baba, ba mutane ba ne! Ƙofa suke ƙwanƙwasawa su ji ko da mutum a ciki. Kana amsawa sun san akwai, sai su gaya wa 'yan uwansu."

Agogunan da ke rataye a bango kowanne da nasa lokacin, wani uku da rabi, wani tara. Ya zaro na aljihunsa, wanda shi kaɗai ya yarda da shi, ya kai shi dab da idon hagu. "Sha ɗaya da rabi," ya ce.

Ta rubuta sunan asibitin a wajen nema. Babu. Ta sake rubutawa. Babu.

Mai Hoto, maƙwabcinsu na shagon gefe, ya leƙo yana sakace haƙori. "Malama, yau ɗalibai sun kore ki ne?"

"Saƙon asibiti muke nema, na shekaranjiya."

Tsinken ya tsaya a bakinsa. "Shekaranjiya?" Ya sosa ƙeya. "Ai kuwa dattijo ya ce wayar ta ishe shi da kuka. Ni kuma na kwashe saƙonnin kwana uku gaba ɗaya na tura su wajen tarkace. Taimako na yi."

"Taimakonka kamar askin ɗan koyo," in ji Mai Agogo, "inda ya taɓa sai jini."

Ba wanda ya yi dariya. Auta ta buɗe wajen tarkacen, wayar ta tsaya tana juya 'yar da'irarta. Ta fita bakin titi, ta ɗaga ta sama kamar mai shanya tana neman sabis, motoci na wucewa suna mata ham. Mahaifinta ya biyo ta har bakin ƙofa yana dafa bango.

"Saura ashirin."

"Baba, don Allah ka daina faɗa mini."

Can wajen tarkacen ya buɗe. Ta dawo ciki da sauri, sai kuma ta ja ta tsaya. Saƙo biyu ne, duka na shekaranjiya, duka da tambarin ido, duka suna cewa a danna a tabbatar.

"Danna na saman," in ji Mai Hoto. "Ya fi kyan rubutu. Dubi har da ja."

"In na ƙarya ne fa? Su kwashe komai, wayar ta kulle, lokaci ya wuce."

"To danna duka biyun."

"Kai dai yi mana shiru."

Ta kira asibitin. Layi a cike. Ta sake kira, aka sa mata kiɗa. Gumi ya jiƙa mata wuyan riga.

Mai Agogo ya koma kujerarsa. "Karanta mini su, a hankali. Idona ne ya gaji, kunnena lafiya lau."

Ta karanta na farko. Ya kira shi abokin hulɗa mai daraja, ya ce a gaggauta, a shigar da kalmar sirri da lambar katin banki. Ta karanta na biyu. Gajere ne, ba gaisuwa: rana, ɗaki, da wata lamba.

"Maimaita lambar."

Ta maimaita. Ya jawo gwangwanin da yake zuba kusoshi, ya kifar da shi a tebur, ya lalubo katin asibitinsa da ke naɗe a ƙasa. Ya miƙa mata. Ta bi lambobin da farce ɗaya bayan ɗaya. Daidai suke.

"Wanda ya kawo mini agogo, da lambar takardarsa nake gane shi, ba da daɗin bakinsa ba," ya ce. "Danna na biyun."

Ta danna. Da'irar ta soma juyi. Mai Hoto ya zare tsinken daga baki. Ba abin da ake ji sai tsit-tsit na agoguna arba'in, kowanne na gudun kansa. Sai allon ya yi fari, rubutu ya fito: an tabbatar, Talata, ƙarfe takwas na safe.

Auta ta zauna a kan akwatin kayan aiki. Mai Agogo ya duba na aljihunsa.

"Saura shida," ya ce, ya mayar.

Kafin ta koma makaranta ta buɗe masa sabon adireshi, ta rubuta a takarda, ta naɗe tare da katin ta sa a gwangwani. Ranar Talata za ta ba asibiti shi, ban da su sai 'ya'yansa. Tsohon adireshin kuwa ta bar wa 'yan talla su yi ta zuba. Mai Hoto, don ya wanke laifinsa, ya hau benci da farin fenti yana shafe rubutun allo.

Wayar ta yi ƙara a tebur. Mai Agogo ya ɗauka, ya kai ta kusa da ido. Wani ne ke masa albishir da mota. Babban yatsansa ya je inda ya saba zuwa, ya tsaya.

"Ko 'na gode' kaɗai?"

"Baba."

Ya kifa wayar a tebur, ya shiga tattara kusoshinsa ɗaya-ɗaya.