Allurar da Malam Ya Ƙi

Maigidana, Malam Falalu, ya rasu bara. Masu zuwa gaisuwa kowa na yabon haƙurinsa, wai ba a taɓa jin ya ce wayyo ba. Ni kuwa na taɓa ji, kuma ranar nake so 'ya'yansa su sani.

A shekarar 1981 yana aiki a wata masaƙa a Sharaɗa, ni ina naɗe alewa a Bompai. Wata safiya ya ɗauko ni a babur daga Panshekara, motar fatu ta fito daga Challawa ta banke mu. Aka kai mu asibiti, rana ɗaya aka yi mana aiki. Shi aka cire masa saifa, ni aka sa mini ƙarfe a cinya.

Allurar kashe zafi iri ɗaya ake mana. Ni da an yi mini, zafin sai ya kwanta, in yi ta barci, sai dai in na farka in yi ta amai. Shi kuwa ba ta daɗewa take sakinsa, ya kama nishi.

Isyaku, taubashinsa, wanda suke wasan tsokana tun suna yara, shi ke kawo mana abinci. Sai ya leƙo ni a ɗakin mata, sannan ya wuce na maza ya ba da labari a gaban abokan aikin Malam da suka zo dubiya: Zaituna tana can tana minshari, ga gwarzo nan yana raki kamar mai naƙuda. Aka yi ta dariya. Malam ma ya yi.

Daga nan ya daina karɓar allurar. In an tambaye shi sai ya ce lafiya lau.

Malam Tijjani, nas ɗin ɗakin maza, ya zo har bakin gadona. Ya ce mai ɗinki a ciki dole ya riƙa jan numfashi sosai yana tari, in ba haka ba majina za ta taru masa a ƙirji. Zafi ya hana maigidana tari, ga zazzaɓi ya fara. Na tambayi nas ɗin ko raki ne da gaske. Ya ce a'a. A abin da shi ya gani, akwai matan da allurar ke riƙewa da kyau amma ta sa su amai, akwai mazan da take saki da wuri, wani lokacin kuma a samu akasin haka. Jiki ne, kowa da nasa.

Na roƙa aka ɗora ni a keken marasa lafiya. Ban taɓa shiga cikin maza haka ba, amma na ja mayafi na ce a tura.

Na sami Malam yana gumi, ya damƙe ƙarfen gado, numfashinsa sama-sama. Isyaku na zaune yana ɓare lemo.

"Malam, ga jarumar ta zo," na ce. "Sai da aka sake mini zani saboda amai. Wannan Isyaku bai kawo muku labarinsa ba."

Isyaku ya ce ai wasa ne, taubashi ba ya laifi. Na ce na sani, amma wasan ya shiga ƙirjin ɗan'uwansa.

Malam ya dubi abokan aikinsa da ke jere a jikin bango, har da foman ɗinsu. Na san abin da yake aunawa. Sunan da za su laƙaba masa zai bi shi har bakin inji.

Sai ya ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji.

"Malam Tijjani, ina jin ciwo ƙwarai. Tun jiya nake muku ƙarya. A yi mini allurar."

Wani tsoho a gadon kusa ya ce shi ma a duba shi, tun safe yake cije baki.

Da allurar ta kama Malam, nas ya sa Isyaku ya danna masa matashi a kan ɗinkin. Malam ya ja numfashi ya yi tari mai ƙarfi, hawaye na zuba masa, ya sake yi. Isyaku ya ci gaba da riƙe masa matashin.

Zazzaɓin ya sauka kafin Juma'a. Sun kira shi Mai Naƙuda a masaƙa har aka rufe ta, kuma yana amsawa.