Ana Riƙe Aiki

Ba wanda ya gaya wa Kibiya labarin. Tsintarsa ta yi yadda ake tsintar allurar da ta faɗi, da tafin ƙafa. Tana wucewa ta ƙofar ɗakin guga ta ji wata na cewa ai Tabarau mai duba ɗinki tata ta ƙare, ƙarshen wata za a sallame ta. Ɗayar ta hango ta cikin tururi, ta ce, "To ga mai aikin nan, tambaye ta." Suka ci gaba da danna dutsen guga kamar wuyan wani ne a ƙarƙashinsa.

Kibiya ba sunanta ba ne. Ma'aikatan kamfanin ɗinkin ne suka laƙaba mata, don tun da ta zo ba sa ganinta sai a gaban farin allo tana zana akwatuna tana haɗa su da kibiyoyi, daga karɓar oda zuwa yanka, daga yanka zuwa ɗinki, guga, dubawa, har mota. Sana'arta ke nan. Ta shiga ma'aikata, ta bi aiki da ƙafa daga inda ya shigo har inda ya fita, ta gano inda yake tsayawa, ta faɗi yadda za a gyara. Ta yi wa wasu kamfanoni an rabu lafiya. Wannan ne ya zame mata ƙarfen ƙafa, saboda mai kamfanin Baffanta ne, yayan mahaifinta, wanda ya riƙe gidansu tun rasuwar uban.

Shi ya kira ta da kansa. Makarantu na ƙorafin kayan ɗalibai ba sa isa sai an daɗe da komawa karatu, wani asibiti kuma ya janye odarsa. Ya ce, "Ki duba mana, 'yata. Ki faɗi gaskiya, kada ki ji tsoron kowa."

Ganowar ba ta ba ta wuya ba. Masu yanka ba sa wasa, teloli ba sa wasa, Tabarau kuwa, dattijuwar da ke duba ɗinki kafin a ƙulle, hannunta ya fi na kowa sauri. Amma akwai dokar da ba a rubuta ba: ƙulli ba ya hawa mota sai Baffa ya sauko ya kwance shi, ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya ce madalla. Da can, lokacin da kekunan ɗinkin ba su wuce a ƙirga da hannu ɗaya ba, dokar ta yi suna mai kyau. Yanzu Baffa ya zama babban mutum. Yau yana ta'aziyya, gobe sulhu, jibi taron 'yan kasuwa. Ƙullin kuma ba a kai masa ofis, don ya ce ƙurar yadi na sa shi atishawa. Sai ya zama a ɗakin Tabarau suke taruwa, har sun toshe taga.

Haka Kibiya ta rubuta a rahotonta da farko, ƙarara: Baffa ne ke riƙe aiki. Kuskurenta shi ne da ta karanta wa mahaifiyarta. Mama na ninke wanki, ta tsaya da zane a hannu.

"Sunansa za ki sa? A takardar da yaransa za su gani?"

"Shi ya ce in faɗi gaskiya, Mama."

"Gaskiyar ma ai tana yafa mayafi in za ta gaban manya. Ki ce ana. Mai hankali ne, zai gane."

Ta ce ana. Ana riƙe aiki a ɗakin dubawa bayan an gama shi. Ana jira ba tare da dalili ba. Ya kamata a daina. Har daɗi ta ji a ranar, wai ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ta faɗi gaskiya ta kuma kiyaye kunya.

Yanzu ga ta tsaye a ƙofar ɗakin dubawa. Tabarau na zaune a ɗan wurin da ƙullin suka bar mata, gilashinta ɗaure da ƙyallen yadi a wuya, tana jan hannun wata riga ta ga ko zai ɓalle.

"Sannu da zuwa, mai ilimi. Shigo in kin sami wurin taka ƙafa."

"Inna, wallahi ba ke nake nufi ba."

"Na sani. Kowa ya sani, har ɓerayen sito." Ba ta ɗago ba. "Amma kalmar ana ba ta da gida, yarinya. Inda aka iske ta kwance nan ne gidanta. A ɗakina aka iske ta."

"Zan gyara."

"Da me? Da kibiya?" Ta jefa rigar kan tari. "Tun kina rarrafe nake kan wannan kujera. Ina zan je da waɗannan idanun? Wa zai ɗauki tsohuwa mai ido huɗu ya ce ta duba masa ɗinki? Kin zo kin zauna kusa da ni, kina Inna kaza Inna kaza, ina ba ki amsa, ashe igiyar rataye ni nake murza miki."

Kibiya ta juya ta fita. Ba abin da za ta ce wanda ba wata anar ba ce.

A kan bene ta tare Manaja, mijin babbar 'yar Baffa, mutum mai yawan turare da murmushi.

"Yaya, kai ka karanta masa rahoton?"

"Ni na karanta, ke kika rubuta. Ya ce wa ke ɗakin dubawa, na faɗa. Ƙarya na yi?"

"Ka san wanda ake nufi."

"Ni? Ana na gani, ƙanwata. In kina da suna ai da kin sa." Ya gyara hularsa. "Ke jininsa ce, kin ji nauyinsa. Ni suruki ne zan ɗauki kayan da 'ya ta kasa ɗagawa? Ki taimake ni, ina da yara."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne bai yi ƙarya ba. Da ma mugu ne kawai, da ta zage shi ta huce. Haushinsa ta ji, ta ji haushin Mama da mayafinta, ta ji haushin duk gidan nan da kowa ya san abu amma kowa ya haɗiye, suna ta gaishe-gaishe a kan wuta. Mafi yawa kuma haushin kanta. A kowane kamfani takan rubuta ofishin da ke jinkiri da sunan muƙaminsa, ta sa hannu, ta tafi. Nan kawai, inda ya fi muhimmanci, ta zana kibiya ba ta sa mata tsini ba.

Ta wuce shi. Ya biyo ta yana cewa ta bi a hankali.

Baffa na ofis tare da shugaban teloli. Sanyin na'ura, darduma mai laushi, ba ko zare ɗaya a ƙasa. Ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum, don ƙafafunta ba su san wani abu ba.

"Ga 'yar albarka," in ji Baffa. "Kin ga abin da ya fi ƙarfinmu kin gano shi cikin sauƙi. Ashe a ƙarƙashin hancinmu ɓarnar take. Ilimi dai daɗi ne da shi."

"Baffa, an yi kuskure."

Tana faɗa ta ji abin da ta faɗa, ta cije leɓe.

"Wa ya yi?"

"Ni. Ba Inna Tabarau ce ke riƙe aikin ba. Tana gama nata tun kafin a gama guge na gaba."

"To wa?"

Tun tana ƙarama ba ta taɓa kiransa da komai ba sai ku. Kun dawo lafiya, kun ci abinci, Mama ta ce a gaishe ku.

"Ku ne."

Baffa ya juya a hankali ya dubi Manaja, ya dubi shugaban teloli, ya buga tafin hannu a tebur.

"Kun ji ko? Ku ne. Har da ku. Dama na sha faɗa, ba mace ɗaya ce za ta durƙusar da kamfani ba."

"Ranka ya daɗe, mu kuma?" in ji shugaban teloli, ya miƙe tsaye rabi. "Yarana ko abincin rana a kan keke suke ci."

Manaja ya zuba wa darduma ido kamar yau ya fara ganinta.

Kibiya ta dubi Baffanta. Ba ta iya tantance ko da gaske bai gane ba, ko kuwa ƙofa ya gani a buɗe ya bi. Duk biyun ma ɗaya ne. Yanzu ba Tabarau kaɗai ba, ga wani talikin ma an ɗora masa.

"Kai, Baffa."

"Ba kai Baffa ba. Kada ki ji tausayinsu, ai gaskiya kika faɗa."

Sai ta tashi daga durƙuson.

"Kai nake nufi. Kai kaɗai. Kai ne kake riƙe aikin."

Shugaban teloli ya koma ya zauna a hankali, kamar kujerar za ta fashe.

"Ni kika ce wa kai?"

"Ka ce in faɗi gaskiya, kada in ji tsoron kowa. Na ji tsoronka, na rubuta ana, ga shi za ta cinye baiwar Allah. Kayan nan an yanka, an ɗinka, an goge, an duba. Kai suke jira. Makarantar da ta yi ta kira, kayanta na ƙasa a ƙulle tun kafin ka tafi sulhun nan. Asibitin da ya janye, nasa ma a ƙulle suke lokacin da ya janye, kana wurin taro. Direba yana zuwa ya kwanta a mota ya tashi ya tafi. Ba wanda ya isa ya ce maka ka sauko. Ko ka ba wani dubawar ƙarshe, ko ka yarda da idon Inna, ko ka zauna. Amma in ka kore ta, wadda za ka kawo ma haka za ta zauna cikin ƙulli tana jiranka, sai dai ita ba za ta iya duba ɗinki ba."

"Ƙanwata, ya isa," in ji Manaja a hankali.

"Bai isa ba, Yaya. Kai ma ka sani, ka yi shiru."

Baffa bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi sauƙi. Ya ɗauki carbinsa, ya ajiye. Ya dubi taga. Fuskarsa ta yi irin ta mahaifinta lokacin da ciwo ya fara cinsa, abin ya soki Kibiya, ta ƙi bari ya sauke mata fushin.

"Sunana ne a wuyan kowace riga," ya ce, ba ita yake kallo ba. "Da wannan yatsan na gina wurin nan."



Ya juya ga Manaja. "Matar nan ta ƙasa, ka bar ta a kan aikinta. Wannan kuma aikinta ya ƙare yau. Ta kwashe allonta."

"To kayan fa?" in ji Kibiya. "Wa zai sallame su?"

Manaja ya runtse ido. Baffa ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya yi maganar da shugaban teloli.

"Zan sauko in gani, in na dawo. Akwai gaisuwar da zan je."

Ya wuce ta gefenta, gefen rigarsa ya shafi hannunta, bai dube ta ba.

Da ta sauko, labari ya riga ta. Kekuna sun yi shiru, sannan suka tashi gaba ɗaya da ƙarfi. Tabarau na tsaye a ƙofar ɗakinta, masu guga sun turo sabbin kaya a amalanke, ba wurin sa su.

"An ce kin ce masa kai."

"Na ce."

"A gaban mutane." Tabarau ta girgiza kai. "Yanzu wa zai yarda ba ni na zuga ki ba? Zai riƙa kallona yana tuna ki."

"Amma kina nan, Inna."

"Ina nan." Ta sa gilashinta, ta dubi tarin da ya kai rufi, ta dubi amalanken. "Ya ce yaushe zai sauko?"

"In ya dawo."

Tabarau ta yi tsaki mai tsawo. "To tunda ba ki da aikin yi, kama min can. Mu matsa da waɗannan, na yau su samu wuri."

Kibiya ta tuɓe mayafi ta ɗaura a ƙugu. Ta kama ƙullin, na makarantar nan ne da ta yi ta kira, ta ɗaga da ƙarfin da ya wuce nauyinsa, har Tabarau ta ce ta bi a hankali kada ta yaga mata leda.