Hannun da Ba Ta Sa Ba

A gida Alƙaliya ake ce mata, don tun tana ƙarama ba a yin rabo a gabanta ba ta ɗaukaka ƙara ba. A shekararta ta ƙarshe a sashen nazarin laifuka da shari'a, makaranta ta tura ta horon wata uku a ofishin 'yan sanda, da littafin abubuwan da ake so ɗalibi ya ƙware a kai: ɗaukar jawabi, adana kayan shaida, rubuta rahoto. Kowane shafi sai Sufeton da ke kula da ita ya sa hannu.

A mako na tara aka kawo wani bakanike, wai ya sace batirin motar da aka ba shi gyara. Sufeto ya kira ta ɗakin tambayoyi, ya turo mata takarda.

"Ga jawabinsa, ya amsa laifi. Sa hannu a wurin shaida."

Ta dubi bakaniken. Leɓe a kumbure, babban yatsa duk tawadar dangwale.

"Malam, an karanta maka wannan?"

Ya girgiza kai.

"Yallaɓai, ban ji ya faɗa ba. Ba zan sa ba."

"Ke ɗaliba ce ko lauyarsa? Littafinki yana durowata fa."

"Na sani, Yallaɓai. A sake tambayarsa a gabana. Abin da kunnena ya ji shi hannuna zai shaida."

Wani kofur da ke bakin ƙofa ya yi tarin da ba na mura ba. Sufeto ya wurgo mata littafin, shafi huɗu fari fat, babu sa hannunsa.

Da kawunta ya ji labari, ya zo har gida. "Ke kaɗai ce mai gaskiya a duniya? Sa hannu ne fa, ba yanka ba!"

"Kawu, da ɗanka ne a kan kujerar nan, haka za ka ce?"

Ya tashi, ko ruwa bai sha ba.

Ta rubuta wa shugabar sashensu a makaranta komai, da rana da lokaci. Shugabar ta karanta sau biyu, ta ce horo kam sai an maimaita, amma da kanta za ta kai takardar ga hukumar karɓar koke.

Aka yi bikin kammala karatu babu sunanta. Ta je, ta zauna a layin gaba, ta fi kowa tafi. Ranar Litinin ta kama sabon horo a kotu, a can ta ji an sallami bakaniken, Sufeto kuma yana amsa tambayoyi.