Gurbin da Ya Fara Kama Waina

Tandata ta ƙarfe ce, gurbi tara, uwata ta bar mini. Tun ina budurwa a nan Kabara ake toya waina a cikinta, kuma sabulu bai taɓa hawa kanta ba. In na gama suya, sai in goge ta da tsumma tun da ɗuminta, in shafa mata man gyaɗa, in kife. Baƙin nan na jikinta shi ke sakin waina. In ya tafi, sai dai a ba kaji su sha ruwa a ciki.

To, ran Talata sai gurbi ɗaya ya riƙe wainarsa. Takwas suna juyuwa lafiya, shi ya ƙi. Na ce ko ƙullu ne, amma ƙullu ɗaya na zuba musu. Na ce ko wuta, na juya tandar, shi ɗin ne dai. Ran Alhamis sun zama biyu, ran Asabar uku. A haka, kafin wata ya mutu ba ni da tanda.

Idona ya yi rauni, amma yatsa yana nan. Na shafa, na ji kaushi. Na sansana, na ji sabulu mai ƙamshin lemo. Ban taɓa jin aljanin da ke wanki da irin wannan ba.

Mu uku ne a gidan: ni, jikana Mikail, da matarsa Sa'ida mai karatun aikin asibiti, wata biyu da tarewa. Wanda ya yi bai ba ni wahala ba. Abin da ya ɗaure mini kai, me ya sa ɗaya-ɗaya?

Ran Litinin bayan azahar na kwanta a tabarma, na ja mayafi, na bar ido ɗaya a waje. Sai ga Sa'ida da soson ƙarfe. Ta durƙusa a kan gurbi na huɗu tana ta dirza, kusa da ita ga baƙin tukunya a murfi, wanda za ta shafa in ta gama don kada in gane.

Na ce, "Amarya, me ta yi miki?"

Soson ya faɗi. "Hajiya, ba barci kike ba?"

"Ina yi. Ƙarar ce ta shigo mini mafarki."

"Wallahi datti ne, Hajiya. Shekara nawa ba a wanke ba."

"Tamanin. Me ya hana ki wanke duka?"

Ta nuna mini tafin hannunta, duk ya tashi. "Gurbi ɗaya sai na yi awa guda. Kuma na ce in wainar nan ta fi kyau, sai in gaya miki."

"Ta fi?"

Ta sunkuya ta ɗauki soson. Ai fasassun wainar da mijinta yake ci tun Talata daga nan suke fitowa.

Na sa ta kawo tandar cikin rana, na duba da kyau. Ashe fari-fari ne a ƙasa, kamar toka. Ni da na tsufa a kanta ban taɓa ganin launinta ba.

Na sa ta hura garwashi, ta shafa mai, ya ƙone, ta goge, ta sake shafawa.

"Hajiya, yaushe zai koma baƙi?"

"Ni ma so nake in gani. Ni a baƙi na same ta."

Gurbi biyar da rabi dai sun tsira. Ukun nan da rabi na bar mata, kullum da safe ita ke zuba musu ƙullu, ita ke ɓamɓaro abin da ya fito.